Kalma Guda a Kan Allo

Edita ya nemi ko wane ɗalibi da ya komo daga koyon aikin koyarwa ya rubuto abin da ya gamu da shi a aji. Abokaina sun riga sun ba da labarin ƙarancin alli, da yawan yara, da rufin da ke yoyo. Ni nawa labarin na kalma guda ne tak, wadda na rubuta da hannuna a kan allo, wani tsoho kuma ya sa na goge ta. Ina so in bayyana muku dalili, domin na leƙa littattafan shirin darasi na waɗansu abokaina, na ga kalmar nan tana zaune a ciki daram, tana jiran ranar da za a kai ta gaban yara.

Wata makarantar firamare aka tura ni a ƙasar Gubi, arewa da birnin Bauci, ba nisa da madatsar ruwan nan da birni ke sha. Aka ba ni aji shida. Ran wata Laraba darasi ya kawo mu zuwan Turawa, sai na rubuta wa yara taƙaitaccen bayani don su kwafa: A shekarar 1903 Turawa suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru ya gudu. Aka kashe shi a Burmi. Jimla uku ke nan, gajejjeru, har ina yaba wa kaina da na iya taƙaitawa.

Kashegari da aka tashi, wata yarinya ta tsaya, ta durƙusa ta ce, "Malam, Kakana ya ce a gaishe ka da aiki. Ya ce in ka sami sukuni yana son ganinka, wai akwai kalmar da ta yi maka yawa."

Bayan la'asar na tafi. Na iske shi a zaure bisa buzu, yana gyaran igiya. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi mutanenmu, ya sa aka kawo ruwa. Sa'an nan ya ce, "Malam, ni ban yi boko ba, amma na yi kiwo, na yi fatauci. Ka taɓa ganin mutum ya gudu, garuruwa suka kwashe suka bi shi? Ai mai gudu shi kaɗai ya kan tafi, da dare, ba ya so ko karensa ya ji."

Na ce, "Baba, a littafi na gani."

Ya ce, "To, littafin wa?"

Bai ƙara kome a kan wannan ba. Ya juya zance zuwa tsadar taki, na yi masa sallama na fito. Amma tambayar nan ta bi ni har ɗaki.

Ni ɗan makarantar mishan ne, ban kuwa raina abin da na samu can ba. Muna da wani malami mai son tarihin Romawa ƙwarai, watakila don sunayensu sun cika Littafi Mai Tsarki. Wata rana ya tambaye mu, wa ya ka da mulkin Roma ta yamma? Duk muka ɗaga hannu muka ce Romulus, tun da shi ne na ƙarshe a jerin sarakunan da muka haddace. Malam ya yi dariya ya ce mun zalunci yaro. Ashe Romulus ɗin nan yaro ne ƙarami, ubansa, wanda ke shugaban soja, shi ya ɗora shi a kan gado a ƙarshen Oktoba na shekarar 475. Kafin shekara ta kewayo, a ƙarshen Agusta na 476, wani barde mai suna Odowaka ya kashe uban, a watan Satumba ya tuɓe yaron, ya ji tausayinsa ya aika da shi kudancin Italiya, ya yanka masa abin da zai riƙa ci duk shekara. Wata goma ke nan ya yi. Alhali tun shekarar 410 an shiga birnin Roma an washe shi. A 439 Bandalawa suka ƙwace Kartaj, a Afirka ta arewa, inda hatsi da kuɗin haraji ke fitowa, a 455 kuma suka zo suka sake washe Roma kanta. Malam ya ce in ka tarar da gida ya faɗi, kada ka kama wanda ka iske a zaure, ka tambayi waɗanda suka ga tsaga a bango shekara da shekaru ba su yaɓe ba.

Na rubuta wannan a jarrabawa, na ci. Abin kunya shi ne, adalcin da na iya yi wa yaron da ya rayu a Italiya shekara 1,500 da suka wuce, na kāsa yi wa mutumin da kabarinsa ke kusa da Bajoga, tafiyar 'yan sa'o'i a mota daga ajin da na ke tsaye. Don haka na koma ɗakin karatu na bi labarin tun daga tushe, ga kuma abin da na ke ganin ya kamata ko wane malami ya sani kafin ya ɗauki alli.

Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu ne, ɗan Abubakar Atiku, ɗan Shehu Usmanu. Shi ne na goma sha biyu in an fara ƙirga daga Shehu. An naɗa shi a watan Oktoba na 1902, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda a ke yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko saboda zafin ransa. Daga naɗinsa zuwa mutuwarsa wata tara ne, watau bai ma kai kwanakin Romulus ba. To, ku dubi gadon da ya tarar.

Ta ciki dai bango ya daɗe da tsagewa. A 1893 Abdurrahman ya nace sai Tukur ya zama Sarkin Kano, Yusufawa suka ƙi, aka yi basasa, aka kashe jama'a ba iyaka. Alu ya shiga Kano da ƙarfi a 1894, aka kashe Tukur a 1895, Sakkwato kuma ala tilas ta amince da wanda ya yi mata tawaye. Duk sarakuna sun ga wannan, sun kuma gane abin da ya ke nufi. Mu nan Bauci ba sai an gaya mana ba. Fiye da shekara hamsin Ningawa suna hana mutanen wannan hanya tamu barci, Sarkin Bauci Ibrahim ma har Rauta ya koma da zama, bayansa kuma aka yi rikicin gado tsakanin Usmanu da Halilu, jikokin gidan Yakubu da 'ya'yansa suna zub da jinin juna. Daular ba ta da sojan da ke zaune kullum a ƙarƙashin Sarkin Musulmi. Ko wane sarki da mayaƙansa, da rani a taru a fita, da damina kowa ya koma gona.

Ta waje kuwa, an riga an kewaye gidan. A 1897 sojan kamfanin Turawa na bakin Kwara suka ci Bida da Ilori. Ran 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja. A 1901 Kwantagora ta faɗi, aka sake cin Bida, aka ci Yola. A watan Fabrairu na 1902 suka iso Bauci, birni bai yi faɗa ba, suka tuɓe Sarki Umaru, suka kafa hujja da abin da ya yi wa mutanen Gwaram. A cikin shekarar nan suka zauna Zariya. Faransawa suna Damagaram tun 1899, Jamusawa suna gabashin Adamawa. Ko wace ƙasa ita kaɗai ta faɗi, maƙwabciyarta tana kallo. Wata huɗu bayan naɗin Attahiru, ran 3 ga Fabrairu 1903, igwa ta fasa ƙofar Kano, Sarki Alu kuwa ba ya gari, ya tafi Sakkwato yin mubaya'a. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shi Attahiru ranar tafiyar ce ma aka miƙa masa goran.

Shawara uku ce a gaban manyan Sakkwato: a yi yaƙi, ko a yi sulhu, ko a yi hijira. Ta ukun nan ba tsoro ne ya haife ta a daren ba. Tun zamanin Shehu akwai magana sananniya cewa a ƙarshen zamani jama'a za su tashi su nufi gabas, wajen Kogin Nilu da Makka. Daular kanta da hijira ta soma, sa'ad da Shehu ya bar Degel zuwa Gudu a 1804. (Ku lura, sunan wurin ne Gudu, kada wani yaro ya rikita ku da shi, ni an yi mini.) Malamai sun rubuta hukuncin wanda aka fi ƙarfinsa a ƙasarsa, har Sarkin Kano Alu ya rubuta wa Wazirin Sakkwato cewa shi bai ga abin da ya fi tashi amfani ba. Attahiru ya fi karkata ga hijira. Amma waɗansu manya suka ce ba za a bar birnin Shehu ba a harba ko kibiya ba, ba a kuwa gama yanke shawara ba sai ga Turawa a bakin gari.

Ran 15 ga Maris 1903 aka kara a filin Giginya, a bayan ganuwa. Sojan Turawa kimanin 700 ne, galibinsu kuma 'yan ƙasar nan ne, Turawan ciki hafsoshi ne kawai. Amma suna da igwa, suna da bindiga mai ruwa, wadda ke zuba harsashi ba tsayawa. Doki da mashi ba su iya kusantar wannan. Tun hantsi bai yi zafi ba aka gama. Waɗansu 'yan tsiraru suka tsaya a gindin tuta, in wannan ya faɗi wancan ya ɗauka, har suka ƙare.

A nan ne jimlata ta biyu ta shigo. Sarkin Musulmi ya bar filin ya nufi gabas. Ya bi ta Gusau, ya ratsa tsakanin Kano da Zazzau, ya gangaro ƙasar Misau, har bakin Kogin Gongola inda Dutsen Bima ya ke. Abin da tsohon nan ya faɗa kuwa, takardun Turawan da kansu sun tabbatar da shi. Duk inda ya bi mutane sai su ɗaure kaya su bi shi, malamai da attajirai da talakawa, mata da goyo, makiyaya da shanunsu, har waɗansu garuruwa suka zama kufai. Wannan ne ya ta da hankalin Turawa. Sun ci birane, ga shi mutanen da za su mulka suna zubewa kamar ruwa a kwando. Manya ma sun haɗu da shi: Etsu Nupe Abubakar da aka kora daga Bida, da Sarkin Misau Ahmadu, da Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902. Turawa suka yi ta aika ƙungiyoyin soja suna tare shi. Ya aika musu cewa shi ba yaƙi ya ke nema ba, a bar shi ya wuce. Ba su bar shi ba.

Burmi gari ne mai ganuwa, na mutanen Malam Jibrilla Gaini, wanda Turawa suka kama tun 1902. A da cikin Lardin Bauci ya ke, tun 1996 kuma ya faɗa Jihar Gombe. Ran 13 ga Mayu sojan Turawa suka gwada shiga, mutanen garin suka kore su, suka ja da baya zuwa Bauci da masu rauni da yawa. Suka tara ƙarfi suka komo ran 27 ga Yuli. Wannan karon ba irin na Giginya ba ne. Tun hantsi a ke yi har rana ta yi gora, gida gida, lungu lungu. Manjo Marsh, shugaban sojan, kibiya mai dafi ta kashe shi. Mutanen Burmi da na Sarkin Musulmi fiye da 600 suka mutu. Aka sami gawar Attahiru, gawawwakin mutanensa sun kewaye ta. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da waɗanda suka ragu, suka yi shekaru a hanya, suka zauna a ƙasar Sudan kusa da Sinnar, a bakin Nilu, garin da har yanzu a ke kira Mai Wurno. Tutar kuwa ta zauna hannun soja har 1960, kana aka mai da ita Sakkwato ga Sarkin Musulmi Abubakar na uku.

To jama'a, wannan shi ne abin da na dunƙule na ce "ya gudu."

Bari in komo ga Romawa sau ɗaya, don akwai abin da na lura da shi. Bayan faɗuwar Roma ta yamma, ta gabas ta ƙara kusan shekara dubu, a birnin da mu ke kira Santambul. Sarkinta na ƙarshe Kustantin na goma sha ɗaya ne. A 1453 Sarkin Turkawa Muhammadu na biyu ya kewaye birnin kwana 53, da manyan igwa irin waɗanda ganuwar ba ta taɓa gani ba. An ba Kustantin shawara ya fita, ya ƙi, ya mutu cikin faɗa ran 29 ga Mayu. Littattafan da muka karanta duk jarumi su ke kiransa, ban kuwa yi musu ba. Amma shi ma bai ci nasara ba, shi ma makaman da ba shi da su ne suka ka da shi, shi ma ɗan guntun abin da kakanninsa suka mallaka ya gada. Me ya sa wancan ya sami shafi guda na yabo, wannan kuwa kalma guda ta raini? Amsar tana cikin tambayar tsohon nan. Waɗanda suka fara rubuta labarin Attahiru da boko su ne waɗanda suka bi shi da bindiga. A wurin mai bi, duk wanda ke gabansa mai gudu ne. Mu kuma muka fassara, muka taƙaita, muka miƙa wa yara.

A ganina kalmar nan ƙarya ce, ko da ya ke ko wane harafi nata yana iya kāre kansa. Gudu a bakin Bahaushe ceton rai ne. Wanda ke son ceton ransa a watan Maris na 1903, hanyarsa a buɗe ta ke: ya komo ya yi mubaya'a, ko ya hau doki mai sauri da mutum goma ya ɓace. Mai jan dubban mata da yara da tsofaffi da shanu ba ya sauri, ya kuwa san ba ya sauri. Wata huɗu da rabi ya yi a hanyar da ɗan aike ke yi cikin 'yan makonni. Shi da mutanensa suna da sunan abin da su ke yi, sunan kuma ya girmi zuwan Turawa da shekara ɗari a ƙasar nan. In za mu ba da labarin mutum, mafi ƙarancin ladabi shi ne mu gaya wa yara sunan da shi ya ba aikinsa, sa'an nan mu yi gardama da shi in muna so.

Ina kuwa so. Kada wani ya karanta wannan ya ce ɗan mishan ya zama maroƙin fada. Kakata ta wajen uwa mutuniyar duwatsun kudancin Bauci ce, abin da kakarta ta gaya mata kuwa ba labarin tuta ba ne. In hunturu ya shigo, ciyawa ta bushe, sai a sa yara a kan dutse su riƙa duban ƙura. In an ga ƙura, kowa ya bar abin da ya ke yi ya hau sama, wanda ƙafarsa ta yi nauyi shi ke nan. Cikin gaisuwar da Bauci ke kai wa Sakkwato har da bayi, daga irin waɗannan duwatsu a ke samo su. A wurin tsohuwar nan 1902 ita ce shekarar da dawaki suka daina zuwa. Gaskiya ne bayan dawaki sai ga haraji, da sojan da ke ƙone ƙauyen da ya ƙi biya, da aikin tilas a ramin kuza. Amma wannan bai share wancan ba. Kuma a cikin watannin nan da talakawa ke bin Attahiru gabas, bayi masu yawa sun ga iyayen gijinsu sun ruɗe, suka kama hanyar garuruwansu. Waɗannan kam gudu suka yi, madalla da gudunsu, ya kuma kamata su ma su sami wuri a kan allo.

Da fari na ɗauka wannan ya ba ni izinin barin kalmar yadda ta ke. Na ce a raina, mutumin da daularsa ta kori kakannina bisa dutse, me zai dame ni in an ce ya gudu? Amma da na sake tunani sai na ga wannan ramuwa ce, ramuwar ma ta rago, tun da a kan mataccen da ba ya iya amsawa a ke yin ta, da bakin yara 'yan shekara goma sha biyu. In ina da ƙara a kan daular, in faɗe ta a fili da sunanta, in ce ana kama mutane ana sayarwa. Wannan gaskiya ce, tana iya tsayuwa da ƙafarta. Ba ta bukatar in jingina mata ƙarya. Aji na Gubi akwai jikokin masu dawaki, akwai jikokin masu hawa dutse, benci guda su ke zaune, fensir guda su ke karɓa-karɓa. In na yi wa kakan wannan ƙarya yau don in faranta wa wancan, gobe wani malami zai zo ya yi wa kakan wancan, ya ce ba a taɓa kama kowa ba. Na kuwa ji an fara faɗin haka.

Akwai kuma abin da na ke tuhumar Attahiru da shi, shi kansa. Mutanen da suka bi shi sun tashi ne daidai lokacin sharar gona da saukar ruwan fari. Wanda ya bar gonarsa a watan Afrilu ya san abin da zai ci a watan Oktoba. Da yawa ba su kai Burmi ba, ba su kuma komo gida da abin da suka fita da shi ba. Sarki in ya zaɓi mutuwa, ya zaɓa wa kansa, amma in ya ɗaga tuta ya zaɓa wa dubbai, cikinsu har da jariran da ba a tambaye su ba. Wannan nauyi yana wuyansa, ba na kuwa jin shi da kansa zai musa.

Shi ya sa na ke ganin ba a koyar da Attahiru shi kaɗai, sai tare da Waziri Buhari. Bayan Giginya hanyarsu ta rabu. Waziri ya tsaya a Marnona da jama'a mai yawa, ya tara malamai ya tambaye su, in duk shugabanni suka tafi, wa zai tsaya wa waɗanda ba su iya tafiya? Aka ba shi fatawa ya koma. Ya koma Sakkwato, ran 21 ga Maris aka naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, Lugga kuma ya tsaya ya gaya musu a fili cewa abin da suka samu da yaƙi ya fita hannunsu da yaƙi. Waziri ya zauna ya saurari wannan. Daga baya ya rubuta wa malamai takarda yana bayyana dalilinsa, wanda ya karanta ta kuwa ya san ba mai kwanciyar rai ne ya rubuta ba. Zaman ma yana da nasa farashi. A 1906 mutanen Satiru, talakawa da bayin da suka tsere, suka tashi, masu sarautar Sakkwato suka tsaya wajen Turawa, aka shafe garin. In aka matsa mini in zaɓa, sai in ce kayan Waziri sun fi nauyi, domin Attahiru ya sauke nasa cikin wata huɗu, shi kuwa ya yi ta ɗauka har ya mutu. Wani abokina a nan kwaleji ya ce sam, Waziri dai ya mai da faɗan da ya fi ƙarfinsa wasa. Mun kwana biyu muna yi, ba wanda ya ka da wani. Irin wannan gardama na ke so yara su iya yi, jimla uku kuwa ba ta barin wurinta.

Na san abin da za ku ce: lokacin darasi minti 35 ne, yara sun fi sittin, mai duba aiki kuma taƙaitawa ya ke so. Haka ne. Amma ban roƙi kowa ya ƙara minti ba. "Ya gudu" da "ya yi hijira" alli guda su ke ci.

Ran Juma'a na shiga aji na ce kowa ya buɗe littafinsa ya ja layi a kan jimla ta biyu. Na ce musu ni ne na yi kuskure, wani dattijo ne ya gyara mini. Yara suka yi ta kallon juna, don ba su saba jin malami ya faɗi haka ba, jikar tsohon kuwa ta sunkuyar da kai tana murmushi. Na rubuta: Sarkin Musulmi Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashin Turawa, ya yi hijira gabas, jama'a da yawa suka bi shi. Waziri Buhari ya zauna da waɗanda suka rage. Bayi da yawa suka koma garuruwansu. Na zāna musu hanya daga Sakkwato zuwa Burmi, na nuna musu inda Bauci ta ke, suka yi mamakin kusancin.

Abin da ban shirya masa ba shi ne, a bakin yaran yanzu kalmomin nan biyu sun riga sun manne. 'Yan gudun hijira su ke ji a rediyo, 'yan gudun hijira su ke gani a unguwa. Wani yaro a benci na baya, wanda iyayensa suka zo daga ƙasar Barno a 2014 yana goye, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to mu fa? Gudu muka yi ko hijira?"

Na buɗe baki, sai na tuna zauren nan da igiya. Na ce masa ya tambayi babansa, ya kawo mini amsa ran Litinin.

Ran Litinin ya same ni a bakin ofis tun ba a buga ƙararrawa ba. Ya ce, "Malam, Baba ya ce a gaishe ka. Ya ce shi dai abin da ya sani, sun bar gero a gona, saura kwana goma a yanka."